Golf GTI ta 2012 mai giyar DSG ba tare da takardar sabis ba: in saya ko in haƙura?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san motocin Volkswagen, musamman makanikai da kuma waɗanda suka taɓa riƙe mota mai giyar DSG, wato giya mai canja kanta da ke aiki da kuloci biyu. Makonni biyu ke nan ina zarya wurin wani dillali a nan Kano a kan wata Golf GTI ƙirar 2012, tokumbo daga Amurka wadda ba a yi mata lamba ba tukuna. Jikinta lafiya lau, kujerunta ba su yage ba, injin yana tashi da murɗa makulli sau ɗaya, kuma agogonta yana nuna mil 118,000. Na daɗe ina tara kuɗi domin irin wannan mota, shekara tara ina tuƙa Corolla, don haka ba na so in yi gaggawar da za ta ja mini nadama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne giyar. Na buɗe akwatin gaba na sami littafin motar, amma shafukan da ake buga hatimin sabis duk farare ne, babu rasit ko guda ɗaya, sai wata 'yar takarda da aka manna a gilashi wadda ke nuna lokacin da aka canja baƙin man inji. Da na tambayi dillalin ko an taɓa canja man giya, sai ya ce mini irin wannan giya ba a taɓa manta, wai da shi take zuwa daga kamfani kuma da shi take ƙarewa.

Ya ba ni na ɗana ta na kamar minti goma da safe. A kan titi tana canja giya cikin sauri da santsi yadda ban taɓa ji a wata mota ba. Sai dai da na sa ribas ta yi jinkiri na kusan daƙiƙa biyu kafin ta kama, kuma ta kama da ɗan bugu, sannan idan na ɗaga ƙafa daga birki domin ta ja a hankali sai in ji wata 'yar karkarwa a ƙarƙashin kujera. Dillalin ya ce haka DSG take, wanda ya saba da Toyota ne kawai yake jin abin baƙo. Tambayata ita ce, shin da gaske ne ba a canja man? Idan kuma ana canjawa ba a canja ba har zuwa wannan nisa, akwai hanyar da zan gane ko giyar ta riga ta lalace kafin in biya? Yana matsa mini in ba da kafin alƙalami zuwa Juma'a, ya ce akwai wani mai so.

Makanike Mai Jamus:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka tsaya ka yi tambaya. Maganar da dillalin ya faɗa maka ba gaskiya ba ce a kan wannan giya, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. GTI ta 2012 tana ɗauke da DSG mai giya shida wadda ake kira DQ250, wasu kuma su ce 02E, kuma Volkswagen da kanta ta rubuta a canja manta da filtarta duk bayan mil 40,000, wato kimanin kilomita 60,000 a lissafin motocin Turai. Motar da ta yi mil 118,000 ya kamata a ce an yi mata wannan sabis sau biyu, na uku kuma ya ƙarato. Mai yiwuwa dillalin ya haɗa ta ne da ƙanwarta DQ200 mai giya bakwai da ake sa wa ƙananan injuna irin 1.4, wadda kulocinta busasshe ne ba ya cikin mai. Ta GTI daban take.

Bari in yi maka bayanin dalilin da ya sa man yake da muhimmanci haka, domin idan ka fahimci wannan za ka gane alamomin da kanka. DSG ba irin otomatik ɗin Corolla ɗinka ba ce. A cikinta tamkar giyar hannu guda biyu ce aka haɗa a akwati ɗaya, kowace da kulocinta. Kuloci na farko yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5 da ribas, na biyu kuma yana riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6. Yayin da kake tafiya a giya ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai kawai wannan kuloci ya saki wancan ya kama, shi ya sa ka ji tana canjawa kamar ƙiftawar ido. Wanda yake ba da umarnin duk wannan aiki shi ne mekatronik, wato kwamfuta da bawuloli da aka haɗa wuri guda aka saka a cikin giyar. Abin lura shi ne mai ɗaya ne yake wanke kulocin biyu, yake shafa haƙoran giya, kuma shi ne yake bi ta ƙananan hanyoyin mekatronik. Duk garin da kuloci ya zubar yayin da yake cinyewa, da ɗan ƙarfen da haƙora suke saki, cikin man nan suke tafiya. Idan filta ta cika, man ya tsufa, dattin yana isa ga bawulolin, su fara maƙalewa, matsin da ake tura wa kuloci ya daina zama daidai, daga nan kuma sai fizga da jinkiri.

To, alamomin da ka ji suna iya zama hakan, suna kuma iya zama abin da bai kai hakan ba. Ka lura cewa ribas da giya ta ɗaya duk a kan kuloci ɗaya suke, kuma a nan ne ka ji matsala duka biyu, wannan ya sa ba zan yi wa abin kallon wasa ba. Amma na sha ganin bugun ribas ya zamana robar da ke riƙe inji daga ƙasa ce ta mutu, na kuma ga karkarwar da ta fito daga fulayiwil, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da giya, wanda shi ma a wannan mota mai ɓari biyu ne kuma idan ya gaji yana yin ƙarar kacau-kacau lokacin da mota take tsaye inji na aiki. Daga nesa babu wanda zai iya rarrabe maka waɗannan ukun, sai an gwada.

Gwajin minti goma da sanyin safiya ba ya nuna komai a DSG. Ka nemi a ba ka ita na aƙalla minti arba'in da rana tsaka, ka fara da titi mai sarari kamar hanyar Zariya domin ka ji kowace giya ta shiga, sannan ka shiga cunkoso da gangan, irin na wajen Kantin Kwari, inda za ka riƙa tsayawa kana ja kaɗan-kaɗan. A nan ne kuloci yake ɗaukar zafi. An tsara wannan giya ne ta kare kanta: idan zafin man ya haura digiri 138 kwamfutar tana rage ƙarfin inji, idan ya wuce 145 sai ta saki kulocin gaba ɗaya motar ta koma kamar tana firi. Lafiyayyar giya ba ta kusantar wannan zafi a tuƙi na yau da kullum, ko a watan Afrilu. Bayan ta yi zafi sosai, ka tsaya a hawan gada, ka saki birki ka ga yadda za ta kama, sannan ka maimaita ribas sau biyar ko shida.

Bayan haka a sa mata kwamfuta, kuma ba 'yar ƙaramar nan da ake sayarwa a ko'ina ba, domin ita inji kawai take karantawa. Ana bukatar wadda take shiga kwamfutar giya kai tsaye, kamar VCDS. A karanta kafin tuƙi, a sake karantawa bayan an dawo. Idan mai motar ya yarda, a kwance filtar giyar, tana sama kusa da mazaunin batir, a duba man da ke cikinta. Sabon man DSG yawanci ruwan zuma ne. Idan ya yi duhu kaɗan tsufa ne kawai, idan yana warin ƙuna kuloci ya sha wuya, idan ka shafa a farar takarda ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe to abin ya wuce canjin mai, idan kuma ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta na'urar sanyaya man. Tunda an riga an buɗe gaba, a duba abin da ke ɗaure sarƙar taimin ta inji, domin na motocin waɗannan shekaru an san shi da saki kuma daga baya aka sauya fasalinsa. Kada ka ba da ko sisi kafin a yi waɗannan.

Abu Yasir Zariya:

Malam Baban Hanifa, ni shawarata ta fi ta Oga tsauri, kuma daga abin da ya same ni nake magana. Na riƙe Jetta GLI mai irin wannan giya ɗin. Ita ma ba ta zo da takarda ba, amma lafiyarta ƙalau lokacin da na saye ta. Da na ji ana cewa a canja man giya, sai na kai ta wurin wani makanike da na saba da shi tun ina da tsohuwar motata, mutumin kirki ne amma bai san DSG ba, ni ma ban sani ba. Ya zuba mata jan man otomatik na gama-gari, bai canja filta ba, kuma ya auna yawan man da ido. Daga baya ne na koyi cewa tana da nata man na musamman mai lamba G 052 182, cewa canji yana cin lita biyar da ɗoriya, kuma ana daidaita yawansa ne inji na aiki lokacin da zafin man yake tsakanin digiri 35 zuwa 45, abin da ba ya yiwuwa sai da kwamfuta.

Bayan 'yan watanni, ina dawowa daga Kaduna da iyalina da yamma, sai haruffan giya da ke kan dashbod suka fara walƙiya gaba ɗayansu, na taka totur inji ya yi ƙugi amma motar ba ta ja. Na gangara gefen titi da ƙyar, manyan motoci na wucewa ta kusa da mu, yara suna kuka. A nan na ƙara yin kuskure na biyu, na sa aka ɗaure ta da igiya aka ja ta har Zariya. Littafin motar ya ce kada a ja ta da ƙafafun gaba a ƙasa fiye da kilomita 50, kuma kada gudun ya wuce kilomita 50 a awa, saboda inji ne yake juya famfon man giyar, idan inji a kashe yake haƙoran suna juyawa ne a bushe. Ban karanta wannan ba sai bayan aikin gama ya gama.

Motar ta yi wata biyar a gareji. Mekatronik na farko da aka kawo mini na hannu ne, lambarsa ba ta dace da giyata ba, na biyu ya dace amma shi ma da tasa cutar ya zo. A ƙarshe giya sukutum na saya. Abin da nake so ka duba shi ne, ba lafiyar giyar a yau kaɗai za ka saya ba, za ka ɗauki nauyin neman wanda ya iya ta da kayan da suka dace duk tsawon zamanka da motar. Motar da tun a wurin dillali take bugu a ribas, ni kam ba zan kusance ta ba. GTI ta 2012 tana zuwa da giyar hannu mai shida, kuma idan ka yi haƙuri za ka samu.

Alhaji Mai Shigo da Mota:

Allah ya mayar maka da alheri, Abu Yasir. Sai dai ina ganin labarinka ya fi nuna illar man da bai dace ba da jan igiya fiye da illar rashin takarda, kuma ba zan so Baban Hanifa ya ɗauka cewa duk motar da ta zo babu rasit matacciya ce ba. Na shekara da shekaru ina shigo da motoci daga Amurka, kuma mafi yawan waɗanda suke fitowa daga gwanjon Copart ko IAAI babu takardar sabis a cikinsu, domin kamfanin inshora ne ya karɓe motar daga mai ita, shi kuma ya kwashe kayansa har da fayil ɗin rasit. Farin littafi ba hujja ba ne cewa ba a yi sabis ba.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke jikin ƙofa da ta takardar kwastan, sannan ka ciro rahoton Carfax, wato rahoton tarihin motar, da kanka, kada ka karɓi wanda aka buga aka miƙo maka. Rahoton yana nuna nisan da motar ta yi a ranaku daban-daban, don haka idan an mayar da agogo baya za ka gani, kuma idan an yi sabis ɗin giya a garejin da ke aika bayanai zai fito. Idan bai fito ba, ba lalle ne a ce ba a yi ba, saboda da yawa daga masu GTI a can da hannunsu suke canja man a gida. Ka kuma sa lambar a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon suna nan, za ka ga inda aka buge ta da abin da agogonta yake nunawa a ranar. Idan rahoton ya ambaci ambaliya, ka bar maganar nan take.

Akwai abu ɗaya da ba a ambata ba wanda a wurina ya fi rasit muhimmanci a motar gudu. Masu irin wannan mota suna yawan sauya manhajar kwamfutar inji domin ƙara mata ƙarfi. Daga kamfani injin yana ba da ƙarfin juyi na Nm 280, giyar kuma an ƙayyade ta a kan Nm 350, to ƙarin da ake yi yana iya cinye wannan tazara gaba ɗaya. Ka leƙa gaba ka ga ko an sauya akwatin iskar inji da wani na kasuwa, ka leƙa ƙasa ka ga ko salansar ta asali ce, ka duba ko an rage mata tsawo, ka kuma lura da alamun inda aka ɓamɓare sitika. Motar da aka ƙara wa ƙarfi aka kuma bar ta da tsohon mai, kulocinta ya yi aikin da ya fi abin da agogo yake nunawa.

Game da batun Juma'a da wani mai so, kada ya ɗaga maka hankali. Idan har za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar maka da kuɗinka idan gwaji ya nuna matsala a giya. Mai sayarwar da ya amince da kayansa ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Makanike Mai Jamus:

Na yarda da Alhaji. Zan ƙara abu ɗaya saboda na san za a faɗa wa Malam shi a gareji, wato cewa idan giya ta daɗe ba a canja manta ba gara a bar ta, wai sabon mai ne yake kashe ta. Abin da yake faruwa shi ne mutane ba sa tuna man giya sai ta fara fizga, su canja, ta ƙarasa mutuwar da ta riga ta faro, sai a ɗora wa sabon man laifi. A DSG ana tsiyaye tsohon ne kawai a sa sabuwar filta a zuba sabo, sannan a sa kwamfuta ta sake koya wa kulocin inda za su kama. Na ga motocin da karkarwarsu ta tafi bayan wannan. Amma canjin mai ba ya mayar da kulocin da ya cinye, kuma akwai wata filta ta ciki da ba a isa gare ta sai an wargaza giyar.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowannenku da alheri. Ga yadda aka yi. Na ciro Carfax da kaina, agogon gaskiya ne, kuma an yi sabis ɗin giya sau ɗaya a wajen mil 41,000, daga nan babu wani bayani a kansa. An buge ta ne ta baya, ba ambaliya ba ce. Dillalin ya yarda da gwajin bayan na ce zan zuba mai kuma zan biya makaniken da kuɗina.

Karatun farko bai nuna matsala ko ɗaya ba, sai dai makaniken ya ce ba a daɗe da goge ƙwaƙwalwar motar ba, kuma ya yi adalci ya ce cire batir ma yana iya jawo hakan. Muka fita da ƙarfe biyu na rana. A kan titi mai sarari babu abin da za ka kushe. Da muka yi kamar minti ashirin a cikin cunkoso sai karkarwar ta ƙaru har wanda ke zaune a baya ya ji, kuma a hawan gada ta ɗan koma baya kafin ta kama da fizga. Da muka dawo, kwamfutar giyar ta ajiye ƙorafi a kan kuloci na farko. Aka kwance filta, man ya yi baƙi yana warin ƙuna, na shafa a farar takarda na ɗaga ta a rana na ga ƙyalli. Akwatin iskar injin ma ba na asali ba ne, kamar yadda Alhaji ya ce in duba.

Na ce wa dillalin zan saya idan ya cire kuɗin kuloci da mekatronik da sabis daga farashin, ya ce ba zai iya ba, muka rabu lafiya ban ba da komai ba. An yi mini maganar wata GTI ta 2013 mai giyar hannu a Kaduna, na riga na karɓi lambar shasinta, kuma ranar Asabar in sha Allahu zan je da makaniken nan mu duba ta.